John Lyon na Preston: Manomin da Ya Kafa Makarantar Harrow



A arewa maso yammacin birnin Landan, tafiyar kamar mil 10 daga tsakiyarsa, akwai wani tudu da ake kira Harrow. A bisa wannan tudu akwai wata makarantar kwana ta yara maza wadda ta yaye firayim ministocin Birtaniya har guda 7, cikinsu da Robert Peel da Palmerston da Winston Churchill. A nan Jawaharlal Nehru na Indiya ya yi karatu daga 1905 zuwa 1907, haka kuma Sarki Husaini na Jodan da Sarki Faisal na Biyu na Iraƙi. Duk wanda ya ji waɗannan sunaye zai ɗauka wani sarki ne ya gina ta domin 'ya'yan sarakuna. Alhali kuwa wani manomi ne ya kafa ta, kuma domin 'ya'yan talakawan ƙauyensu ya kafa ta, su yi karatu kyauta. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi rayuwar wannan manomi, John Lyon, mu ga abin da ya yi nufi, da abin da ya rubuta, da kuma hanyar da aka bi har abin ya juye.

Ingila a zamanin Lyon

An haifi John Lyon wajen 1514 a Preston, wata 'yar unguwar manoma da ke ƙarƙashin Harrow a lardin Middlesex. Watau ya tashi ne a zamanin Sarki Henry na Takwas, ya tsufa a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta hau gado a 1558. Tsakanin waɗannan sarakuna Ingila ta ga canje-canje uku da ba za a fahimci Lyon ba sai da su.

Na farko, canjin addini. A 1534 Henry ya ɓalle daga Paparoma, ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila. Daga 1536 zuwa 1540 ya rushe gidajen 'yan zuhudu, ya ƙwace filayensu. A 1547, zamanin ɗansa Edward na Shida, aka yi dokar da ta soke wani nau'i na wakafi wanda masu hali suka saba barinsa domin a riƙa biyan limamin coci yana yi musu addu'a bayan mutuwarsu. Da yawa daga waɗannan limamai su ne suke koyar da yaran gari karatu a gefe. Saboda haka wannan doka ta yi abu biyu a lokaci guda: ta raunana wasu ƙananan makarantu, ta kuma toshe ƙofar da mai dukiya ya saba bi in yana neman lada bayan ransa. Dukiyar da a da ake bari don addu'a sai ta koma ga makarantu da gidajen gajiyayyu da gyaran hanya. Harrow kanta ba ta tsira ba, domin ƙasarta ta shekara ɗaruruwa a hannun Babban Limamin Canterbury, sai a 1545 aka miƙa ta ga sarki.

Na biyu, canjin arziki. Jama'a sun ƙaru, farashin hatsi ya yi ta hawa a tsawon ƙarni na 16, Landan kuma ta bunƙasa har mutanenta suka kai wajen 200,000 a 1600. Ɗan ƙwadago ya sha wuya, amma manomin da yake da gonarsa kusa da wannan babbar kasuwa ya ci riba. Lyon yana cikin ajin da Turawa suke kira yeoman, watau manomi mai hali wanda ba shi da sarauta, ba a kuma lissafa shi cikin 'ya'yan manya, amma ya fi ƙarfin a kira shi talaka. Ya gaji gona, ya sayi waɗansu ya ƙara, har ya zama a shekarun 1560 yana sahun gaba cikin masu filaye a Harrow.

Na uku, yayin kafa makarantu. Shrewsbury ta samu takardarta a 1552. Ƙungiyar teloli ta Landan ta kafa tata a 1561. A 1567 wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan yaji, Lawrence Sheriff, ya bar wasiyyar da ta haifi makarantar Rugby. Sabuwar akida tana son mutanen da za su iya karanta Littafi da kansu, sabuwar gwamnati kuma tana bukatar malamai da akawuna da lauyoyi. Lyon bai ƙago wani sabon abu ba, ya bi sawun tsararrakinsa ne.

Takardar izni ta 1572

Tun kafin a yi maganar gini, Lyon ya saba kashe mak 20 kowace shekara wajen karantar da 'ya'yan matalauta. Mak ɗaya sule 13 ne da kwabo 4, saboda haka mak 20 ya kama fam 13 da sule 6 da kwabo 8. Domin a gane nauyin wannan kuɗi, lebura mai aikin gini a kudancin Ingila yana samun kamar kwabo 8 a yini a ƙarshen ƙarnin. Ke nan abin da Lyon yake bayarwa a shekara ya yi daidai da ladan lebura na kwana 400.

To, amma kyauta irin wannan tana mutuwa ne ran da mai ita ya mutu. Shi kuwa Lyon da matarsa Joan ba su da magaji. In yana son abin ya ɗore, dole ya bar filaye a hannun wata hukuma da ba ta mutuwa. Dokar Ingila kuwa tun ƙarni na 13 ta hana a mallaka wa irin wannan hukuma ƙasa sai da yardar sarki, domin ƙasar da ta shiga hannunta ta daina wucewa ta hanyar gado, sarki kuma ya yi asarar abin da yake karɓa a wajen gadon. Wannan shi ne dalilin neman takardar izni mai hatimin sarauta, wadda Sarauniya Elizabeth ta ba shi a watan Fabrairu na 1572.

A nan ya kamata in ja hankalin ɗalibai ga wani abu. Za ku ga waɗansu littattafai sun rubuta 1571. Ba kuskure ba ne. A wancan zamani sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ran 25 ga Maris, sai a 1752 aka mai da ita 1 ga Janairu. Saboda haka Fabrairun da su suka lissafa a ƙarshen 1571, mu a lissafinmu farkon 1572 ne.

Takardar ta kafa amintattu 6 waɗanda za su riƙe dukiyar, in ɗaya ya mutu sauran su zaɓi madadinsa. Cikinsu akwai Gilbert Gerard, Babban Lauyan Gwamnati na lokacin, da ɗan'uwansa William Gerard, mazaunin Harrow. Wannan ya nuna mana yadda manomin ƙauye ya kai ga hatimin Sarauniya: yana da maƙwabta masu faɗa a ji a fada. Wanda ya san hukuncin wakafi, ko hubusi kamar yadda littattafanmu na Malikiyya suke kiransa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. A tsare asalin dukiya, ba sayarwa ba gado, a ciyar da amfaninta a kan abin da mai ita ya ambata, a sa wani ya kula.

Ƙa'idojin 1591

Bayan samun takarda Lyon bai yi gaggawar gini ba. Ya ci gaba da sayen filaye, sai a farkon 1591, yana tsoho, ya kammala rubuta ƙa'idojin da za a bi. Waɗannan ƙa'idoji su ne madubin da muke ganin halinsa a ciki, kuma sun nuna mutum mai lissafi wanda ba ya barin kome a hannun sa'a.

Ya ce a ɗauki malamai biyu, babba mai digiri na biyu da mataimaki mai digiri na farko, dukansu marasa aure. Albashin babban mak 40 ne a shekara, watau fam 26 da sule 13 da kwabo 4, na mataimakin kuwa rabin haka. Aji biyar ne. Ana shiga da sassafe wajen ƙarfe 6, a tashi ƙarfe 11, a komo ƙarfe 1 har zuwa 6 na yamma. Karatun kuwa Latin ne da Girkanci: a fara da nahawu da tatsuniyoyin Aesop, a wuce zuwa Cicero da Ovid da Virgil da Caesar, a ƙare da marubutan Girka irin su Demosthenes da Hesiod. Da zarar yaro ya wuce aji ɗaya an hana shi magana da Ingilishi a makaranta. Ba a ɗaukar 'ya'ya mata.

Har wasa bai ƙyale ba. Ya yarda da guda huɗu: juya katantanwa, jifan ƙwallo da hannu, tsere, da harbi. Ya wajabta wa iyaye su sama wa ɗansu takarda da tawada da alƙalami da littattafai da kyandir na hunturu, da kuma baka da tsirkiya da kibau uku. Wannan ba son ransa ba ne, dokar ƙasa ce tun zamanin Henry na Takwas cewa a koya wa yara maza harbi domin yaƙi. Daga nan ne gasar Kibiyar Azurfa ta samo tushe, wadda aka yi ta ƙarshe a 1771, lokacin da bindiga ta daɗe da korar baka daga fagen fama.

Makaranta kuwa sashe ɗaya ce kawai daga cikin wasiyyar. Ya ware kuɗi don a yi wa'azi 30 a cocin Harrow kowace shekara. Ya ware fam 20 a raba wa magidanta 60 mafiya talauci. Ya tanadi tallafi ga ɗalibai 4 a jami'a, 2 a Oxford, 2 a kwalejin Gonville da Caius ta Cambridge. Sa'an nan ya keɓe waɗansu filaye da ya saya a gefen Marylebone don gyaran hanyar Edgware zuwa Landan da ta Harrow zuwa Landan. Kada a yi mamakin wannan. Dokar 1555 ta ɗora gyaran hanya a kan mutanen kowace gunduma, su yi aikin gayya na tilas kwana 4 a shekara, daga baya aka mai da shi kwana 6, aikin da kowa yake yi da rabin zuciya. Ƙasar Middlesex kuwa laka ce mai danƙo. Manomin da keken hatsinsa ya taɓa kafewa a hanyar kasuwa ya san cewa gyaran hanya sadaka ce.

A cikin waɗannan ƙa'idoji ne ya sa wata 'yar aya wadda ita ce ƙashin bayan laccarmu. Ma'anarta ita ce, bayan yaran gunduma masu karatu kyauta, babban malami yana da izni ya karɓi baƙi gwargwadon yadda wuri zai ɗauka kuma karatu ba zai lalace ba, ya kuma karɓi abin da ya samu na lada daga gare su. Kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin duk wanda ba ɗan gundumar Harrow ba, ko da daga ƙauyen da ke maƙwabtaka ya fito. Manufarsa a fili take: a ƙara wa malami abin masarufi don a samu ƙwararre ya zauna a ƙauye.

John Lyon ya rasu ran 3 ga Oktoba 1592, aka binne shi a cocin Maryamu da ke bisa tudun, cocin da aka keɓe tun 1094. Bai ga ko tubali ɗaya na makarantarsa ba, domin ya shirya cewa Joan za ta ci amfanin dukiyar muddin ranta. Ta rasu a 1608, aka soma gini, aka buɗe a 1615, shekara 43 bayan takardar Sarauniya. Ɗakin karatun farko yana nan har yanzu, bangonsa na katako cike da sunayen da yara suka sassaƙa da wuƙa, har da na Byron mawaƙi da na Peel.

Yadda baƙo ya zama mai gida

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. A Harrow kuwa raɓar ce ta zauna ta zama kogi. Dalilai uku suka haɗu suka kawo haka, kuma babu sata ko ha'inci a cikinsu.

Dalili na farko albashi ne. Lyon ya ɗaure shi da adadi, kuɗi kuwa darajarsa raguwa take yi. Fam 26 da suka ishi malami a 1591 ba su isar jikansa. Saboda haka duk babban malamin da ya zo, cikinsa yana ga baƙi masu biya. A 1669 aka ɗauko William Horne daga Eton, aka kuma yarje masa ya yi aure. Malami mai iyali yana iya saukar da yara a gidansa, ya ciyar da su, iyayensu su biya. Daga nan tsarin kwana ya kafu.

Dalili na biyu filaye ne. Waɗanda aka keɓe wa makaranta gonaki ne a karkara, haya ba ta tashi sosai ba. Waɗanda aka keɓe wa hanya kuwa Landan ta faɗaɗa ta haɗiye su, aka yi manyan gidaje a kansu a unguwannin da ake kira Maida Vale da St John's Wood, kuɗinsu ya ninka ba iyaka. Amma sharaɗi sharaɗi ne, ba dama a ɗebi kuɗin hanya a zuba wa makaranta. Sai hanya ta yi arziki, makaranta ta dogara ga kuɗin baƙi.

Dalili na uku shi ne karatun kansa. A zamanin Lyon Latin ita ce ƙofar jami'a da coci da shari'a da likitanci, yaron da ya iya ta ya fita daga talauci. Bayan shekara 200, mai kanti da manomi a Harrow suna son ɗansu ya iya lissafi da rubutun wasiƙa da Ingilishi. Waƙoƙin Virgil ba su da amfani gare su. Ga mai sarauta kuwa Latin ta zama ado da alamar asali. Saboda haka abin da aka ajiye wa talaka kyauta ya zama abin da ba ya bukata, mai kuɗi kuma yake biya don ya samu. A farkon ƙarni na 19 ɗalibai sun haura 300, 'yan gari a cikinsu ba su taka kara sun karya ba, waɗanda suka shiga ɗin ma suna shan raini.

Mutanen Harrow ba su yi shiru ba. Sun kai ƙara kotu suna cewa an karkatar da wasiyya. A 1810 alƙali Sir William Grant ya yanke hukunci, bai ba su gaskiya a kan wannan batu ba. Hujjarsa ita ce mai wasiyya da kansa ya halatta baƙi, da kansa kuma ya zaɓi irin karatun da za a yi, ƙofa a buɗe take ga duk ɗan gari da yake son wannan karatu. Ta fuskar lafazi alƙali bai yi kuskure ba. Ta fuskar manufa kuwa, da wuya a ce abin da ake gani a tudun a 1810 shi ne abin da tsohon manomin ya zauna ya tsara.

An yi ƙoƙarin gyara. A 1853 babban malami Charles Vaughan ya buɗe wani aji dabam inda ake koya wa 'yan gari darussan zamani da Ingilishi. A 1861 gwamnati ta naɗa hukumar Clarendon ta binciki manyan makarantu 9, ta ba da rahoto a 1864, aka yi doka a 1868 wadda ta sake tsarin mulkin 7 daga cikinsu, har da Harrow. Bayan wannan doka haƙƙin 'yan gari na karatu kyauta ya gushe a hankali, aka buɗe musu makarantar jeka-ka-dawo a gindin tudun a 1876, aka sa mata sunan John Lyon. Ita ma a yau ta kuɗi ce, kuma a 2021 ta soma ɗaukar 'ya'ya mata. Kuɗin hanya kuwa, da gyaran tituna ya koma hannun hukumomi, a 1991 aka amince a juya shi zuwa gidauniyar da take tallafa wa yara da matasa a gundumomi 9 na Landan. Ashe abin da ya bari don laka da ramuka shi ya fi kusa da cika burinsa na taimakon 'ya'yan marasa hali.

Mu ma wannan tarihi ya ɗan shafe mu. Jami'an Ingila da suka tsara makarantun gwamnati a Nijeriya ta Arewa, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, da yawansu irin waɗannan makarantu suka yi, kuma abin da suka sani suka kawo: kwana, rarraba yara gida-gida, shugabannin ɗalibai, da ɗaukaka wasanni. Siffar da suka kawo mana ta ƙarni na 19 ce, bayan baƙi sun riga sun gaje gida.

Kammalawa

Ba zan ce an ci amanar John Lyon ba, ba kuma zan ce an cika masa buri ba. Makarantu da yawa na tsararrakinsa waɗanda ba su samu baƙi masu biya ba sun tsiyace, waɗansu sun mutu. Ayar da ta raba 'yan Harrow da makarantarsu ita ce kuma ta rayar da ita shekara fiye da 450. Abin da ya tabbata shi ne mutumin ya tsara sa'ar shiga aji da adadin kibau, amma bai faɗi iyakar adadin baƙi ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga ma'aikatan da ke cikinmu, waɗanda aikinsu ne rubuta ƙa'idojin asusun tallafi da na makarantu, tambayoyin da wannan tarihi ya bar muku ga su. Wa aka yi abin dominsa, kuma an rubuta kasonsa da adadi? Wane ne cikinsa ya dogara ga masu biya, kuma ina zai karkata bayan shekara 50? In abin da ake koyarwa ya daina amfanar waɗanda aka nufa, wa yake da ikon sake shi? Ga ɗalibai kuwa, in kun ga tsohuwar hukuma, ku nemi takardar da aka kafa ta da ita ku karanta, sa'an nan ku dubi waɗanda suke cikinta yau, ku gwada.